Ranar Da Shunayya Ta Koma Shuɗiya

A unguwar Agege ta birnin Ikko, ba nisa da layin dogo, akwai wani Alhaji mai sayar da shadda. Bakano ne, a Kantin Kwari ya yi ƙuruciyarsa yana dakon dila a shagon ubangidansa, kafin neman abinci ya gangaro da shi Kudu. Shagon nasa ba wani babba ba ne, idan mutum uku suka shiga sai na huɗu ya dakata a waje, amma duk da haka kayansa suna kaiwa Fatakwal da Ilori da Abuja da Sakkwato, kuma galibin masu sayen ba su taɓa taka ƙofar shagon ba. Wayar hannu ce ta haɗa shi da su. A shimfiɗa shadda bisa tebur, yaron shago ya ɗauki hoto, a aika ta WhatsApp, mai saye ya zaɓa ya turo kuɗi, sa'an nan a kai kaya tasha a danƙa wa direba. Shekara uku ana haka da waya guda ɗaya, ba a taɓa samun wanda ya ce abin da ya gani dabam, abin da aka kawo masa dabam ba. Har Alhaji yakan ce wa maƙwabtansa 'yan kasuwa, da can sai mutum ya yi ta siffanta launi da baki a tarho har yawunsa ya ƙafe, yanzu kuwa gani ya kori ji.

Cikin masu hulɗa da shi babu wanda ya kai wata Hajiya mazauniyar Fatakwal daɗewa, domin tun zamanin da ake aika ƙyalle a cikin ambulan take sayen kaya a wurinsa. Ta tashi aurar da 'yarta ta fari, ta kuwa riga ta sayi gwaggwaro 30 masu launin shuɗi domin 'yan'uwa da ƙawaye, saura shaddar anko wadda za ta dace da su. Yadi 150 take so, kowace mace yadi 5, a yanka a naɗe kowanne dabam. Ran nan kasuwa ta cika, Alhaji yana fama da waɗansu baƙi, sai ya ce wa yaro ya jera launi shida ya ɗauka ya aika mata. Ba a jima ba amsa ta zo, ta ce ta uku take so. Alhaji ya dubi tebur ya ga ta uku shunayya ce mai duhu, shadda mai kyau wadda ba ta da makusa, bai kuwa san da zancen gwaggwaro ba. Aka sa almakashi. Duk wanda ya san sana'ar nan ya san cewa shadda idan an yanka ta shi ke nan, ba ta komawa dila.

Bayan kwana uku, ana idar da sallar la'asar, sai ga waya daga Fatakwal. Ko gaisuwa ba a gama ba.

"Alhaji, ban san ka da haka ba."

"Subhanallahi! Hajiya, me ya faru?"

"Shuɗiya na zaɓa, ka aiko mini da shunayya. In ba ka da abin da nake so ai sai ka gaya mini in nema a wani wuri, ba ka cusa mini kwantai ba, biki saura kwana tara."

Kalmar kwantai ɗin nan ita ce ta soke shi. Hasarar kuɗi ya saba da ita, ya taɓa ganin ruwan sama ya jiƙa masa dila biyu a tasha bai hana shi barci ba. Amma a ce mutumin da ya yi shekara talatin yana awo bai taɓa tauye wa kowa ko taƙi ɗaya ba, yau shi ake zargi da sayar da kwantai ta hanyar yaudara, wannan ya fi ƙarfin a ce tsautsayi ne a wuce. Ya ba ta haƙuri, ya ce ta ba shi zuwa dare.

Da ya koma shago ya rufe ƙofa rabi, ya kira yaro ya ce ya buɗe masa hoton da aka aika. Ya ɗauko ragowar shaddar ya ajiye a gefen wayar. Abin da ke cikin waya shuɗi ne sak, irin wanda ake kira ruwan bula mai duhu, abin da ke kan tebur kuwa shunayya ce, ko makaho ya shafa... to, makaho ba zai bambance ba, amma duk mai ido zai yi. Hajiya ba ta yi ƙarya ba. Da farko yaron ya sha faɗa, aka ce ko ya canza jeri ne, ko ya yi wa hoton wasan da samari ke yi. Yaron ya rantse, kana ya yi wata dabara wadda ta fid da shi. Ya koma baya cikin hotunan wayar har ya samo hoton wannan shadda ɗin wanda aka ɗauka wata biyu da suka wuce, ranar da aka sauke ta. Tebur ɗaya, ƙwan lantarki ɗaya, hannu ɗaya. A tsohon hoton shunayya ce kamar yadda Allah ya yi ta.

Ruwa ba ya tsami banza. Suna cikin juya maganar sai yaron ya tuna cewa mako biyu kafin nan wayar ta yi ta damun Alhaji da wani saƙo, kullum ya buɗe ta sai ta ce akwai sabuwar manhaja, a sabunta. Ran da ya gaji ya danna mata domin ta bar shi ya huta, ya sa ta a caji ya kwanta, da asuba ya tarar ta mutu ta farfaɗo da kanta. Tun daga ranar, da suka bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, abubuwa suka sauya. Zanen da ke jikin shadda, wanda saƙa ce kurum da sheƙi ke bayyanawa ba wani launi dabam ba, ya dushe kamar an goge shi da kakin zuma. Ja ya ƙara kaifi. Har hoton jikarsa da aka ɗauka ranar Juma'a, yarinya baƙa kyakkyawa, ta fito fayau, fuska sumul ba ko ƙurji, kamar wadda aka yi wa shafe-shafe. A lokacin kowa yaba hoton ya yi.

Washegari ya hau mota zuwa Ikeja, kasuwar wayoyin nan da ake kira Computer Village. Mai gyara na farko da ya tare shi a bakin titi ko minti ɗaya bai yi da wayar a hannu ba ya ce kyamara ta mutu, sai an canza, ya yanka kuɗi. Allah ya taimaki Alhaji yana da ɗan ƙanwarsa da ke gyaran waya a can ciki, sai ya ce bari ya nemo shi tukuna. Saurayin ya goge gilashin kyamara, ya share tarkacen da manhajar kyamara ta tara, ya mayar da saitinta yadda ya zo daga kamfani, domin sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa. Ya ɗauki ƙyallen da Alhaji ya zo da shi a aljihu. Shuɗi dai.

"Kawu, babu abin da ya lalace a wayar nan. Da ka bari an canza kyamarar, da kuɗinka kawai za ka zubar. Mai wankin hoton ne aka sauya maka."

Wannan magana tana bukatar bayani, musamman ga wanda bai riski zamanin fim ba. A da, idan mai hoto ya ɗauki mutum, aiki bai ƙare ba, sai an kai fim ɗaki mai duhu an wanke. Mai wankin nan shi ke yanke hukuncin yawan hasken da za a ba takarda, da launin da za a ƙara ko a rage, shi ya sa fim guda za a kai wurare biyu a karɓo hotuna iri biyu, kuma kowane gari an san shagon da hannunsa ya fi kyau. Wayar zamani ba ta kori mai wankin ba, haɗiye shi ta yi. Yana nan a cikinta a matsayin manhaja, yana yin aikin da a da ke cin kwana uku cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma aikinsa ya fi na wancan yawa nesa ba kusa ba.

Dalili kuwa shi ne, ɗan faifan da ke karɓar haske a bayan gilashin kyamara, wanda a yawancin wayoyi bai kai farcen yatsa girma ba, ba ya ganin launi. Ƙarfin haske kaɗai yake aunawa. Domin a sami launi sai aka lulluɓe miliyoyin ɗigon da ke kansa da 'yan matatai, bisa tsarin da wani ma'aikacin kamfanin Kodak mai suna Bryce Bayer ya ƙirƙiro, aka yi masa rajista a 1976: cikin kowane ɗigo huɗu, biyu kore suke gani, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. Watau kowane ɗigo launi ɗaya ya sani daga cikin uku, sauran biyun kintata su ake yi daga abin da maƙwabtansa suka gani. Ashe tun daga tushe kashi biyu cikin uku na launin da ke cikin hoto lissafi ne ya samar da shi.

Bayan wannan sai babban hukunci, wanda shi ne ya kayar da Alhaji. Hasken rana da hantsi dabam, na yamma dabam, na ƙwan lantarki dabam, wani yana da ja-ja, wani yana da shuɗi-shuɗi. Idon ɗan Adam yana gyara wannan ba tare da mai shi ya sani ba, farar riga fara ce a wurinsa ko a rana ko a gaban fitilar kwai. Waya kuwa tilas ta kintaci irin hasken da ke wurin, sa'an nan ta rage launin da take zaton hasken ne ya ƙara. Idan akwai bango fari ko wani abu mai ruwan toka a cikin hoton, ta sami madogara. Idan kuwa aka cika mata ido da yadi mai launi ɗaya daga gefe zuwa gefe, kamar yadda masu sayar da tufafi ke yi, ba ta da abin gwadawa, sai ta bi ƙa'idar da aka rubuta mata. Ita kuwa shunayya gaurayen ja ce da shuɗi, tana tsaye a kan iyaka. A ɗan rage mata ja kaɗan, ta faɗa shuɗi. Tsohuwar ƙa'idar tana barin jan, sabuwar ta ɗauke shi a matsayin laifin ƙwan lantarki ta cire.

Dushewar zanen shaddar ma tana da nata sanadi. Wayoyin yanzu ba hoto ɗaya suke ɗauka ba idan an danna, da yawa suke ɗauka a jere, waɗansu ma tun kafin yatsa ya sauka, su haɗa su wuri guda domin duhu ya yi haske, haske kuma kada ya ƙone. Kamfanin Google ya shigo da irin wannan dabara cikin wayoyinsa na Nexus a 2013, yau kuwa da wuya a sami wayar da ba ta yin wani abu mai kama da haka. Daga nan sai manhaja ta share 'yan ɗige-ɗigen da ƙarancin haske ke haifarwa, ta kuma ƙara wa gefen abubuwa kaifi. Idan hannunta ya yi nauyi wajen sharar, sai ta haɗa da zaren saƙa da ƙofofin gashin fatar mutum ta share, domin ba ta san shadda ba, ba ta san jika ba.

Kada mai karatu ya zaci wannan ƙorafin tsoho ne wanda zamani ya wuce shi. Manyan kamfanonin da kansu sun tabbatar da cewa manhaja tana sauya hoto alhali ƙarfen bai sauya ba. A watan Satumba na 2018, da aka fara sayar da iPhone XS, masu saye suka yi ca cewa kyamarar gaba tana goge musu fuska tana mayar da ita sumul ba su nema ba. Kamfanin Apple ya ce kuskure ne: cikin jerin hotunan da wayar ke ɗauka, manhaja tana zaɓen wanda bai fi fitowa sarai ba ta gina sauran a kansa. A ƙarshen Oktoba na shekarar aka fito da iOS 12.1 aka gyara. Haka kuma a watan Nuwamba na 2018 Google ya aika wa wayoyin Pixel, har da waɗanda suka shekara biyu a hannun mutane, wata sabuntawa wadda ta ba su ikon ɗaukar hoto a cikin duhun da a da ba sa ganin kome. Waɗannan duka alheri ne ga mai waya. Amma ƙofar da alheri ke shigowa cikin dare ba sallama, ta nan kishiyarsa ma ke shigowa.

Batun fuskar jikar Alhaji kuwa tsohon miki ne. A shekarun 1950 Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi suke daidaita injinansu, watau fatarta ita ce ma'aunin daidai. Dattawa ba su manta hotunan kala na da ba, inda baƙin mutum ke fitowa ba a ganin kome sai ido da haƙori. Wata malamar jami'a a Kanada, Lorna Roth, ta rubuta a 2009 cewa daga cikin abubuwan da suka sa aka gyara fim ɗin akwai kukan masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda suka ce hajarsu ba ta fitowa da launinta a talla. 'Yan kasuwa ke nan, irin su Alhaji, sai dai su an saurare su. A wannan zamani kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai yin Tecno da Infinix da itel, ya ci kasuwar Afirka, kuma cikin abubuwan da ya yi har da daidaita kyamararsa da baƙar fata. Google ma a 2021 ya fito da nasa gyaran. Abin lura a nan shi ne, launin da waya ke kira daidai wani mutum ne a wani ofis ya zaɓa, kuma gobe yana iya sake shawara.

Alhaji ya saurari abin da zai iya ɗauka daga bayanin ɗan ƙanwarsa, sa'an nan ya yi tambayar da kowane mai hankali zai yi.

"To, a maido mini da tsohon mana."

"Ba ya yiwuwa ta hanyar arziki, Kawu. Sun rufe ƙofar baya."

Gaskiya ya faɗa. Apple yakan daina amincewa da tsohuwar manhaja ba da daɗewa ba bayan sabuwa ta fito, wayoyin Android da yawa kuma an gina su yadda ba za su karɓi abin da ya girmi wanda ke kansu ba. Akwai masu gyaran da za su ce za su yi abin da suke kira filashin, amma wannan yana share duk abin da ke cikin waya, wani lokaci ma ya kashe ta ɗungum. Ƙin sabuntawa gaba ɗaya kuma ba mafita ba ce, domin a ƙunshi guda ake aiko sauyin kyamara da facin da ke toshe ramukan da ɓarayin intanet ke bi, Alhaji kuwa asusunsa na banki yana cikin wayar nan. An ɗaure magani da abin da ba a nema ba a leda ɗaya, an ce ko ka haɗiye duka ko ka bar duka.

A nan ne laifin kamfanoni yake, ba a yin gyara ba. Ba lalle mugunta ce ta sa suke sauya launi ba, mafi yawan hotunan duniya na fuska ne da abinci da sararin sama, su ake yi wa kwalliya, mai shadda a Agege ba ya cikin lissafi. Amma mutumin da ya sayi abu da kuɗinsa yana da haƙƙin a gaya masa abin da za a taɓa. Bayanin da ke zuwa da sabuntawa sau da yawa bai wuce layi ɗaya ba, wai an inganta kyamara. An inganta ta wajen me, an rage mata me, babu. A watan Fabrairu na 2020 hukumar kare masu saye ta Faransa ta ci Apple tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da mutane cewa sabunta manhaja na iya rage wa tsofaffin wayoyinsu sauri ba. Wancan batun sauri ne ba na hoto ba, amma abin da aka hukunta shi ne rashin sanarwa. Da tela zai shigo gidan mutum da dare ya rage masa hannun riga saboda yayi ya sauya, ko da ɗinkin ya yi kyau, da safe sai an ji su.

Sai dai duk wannan bai biya wa Hajiya bukata ba, kuma Alhaji ya fi kowa sanin haka. A hanyarsa ta komawa, cikin cunkoson motoci, ya yi wa kansa hisabi. Kamfani ya sauya manhaja, gaskiya ne. Amma wa ya aika hoto bai duba ba? Wa ya ga mace ta ce "ta uku" a kan yadi 150 bai buga waya ya ce Hajiya, shunayyar kike nufi ba? Kalma ɗaya da ta wadatar. A zamanin tarho da yake yi wa dariya ba zai taɓa sa almakashi ba sai ya maimaita sunan launi sau biyu. Shekara uku na dacewa ne suka sa ya sallama wa waya aikin da bakinsa da idonsa ke yi. Bayan sallar isha'i ya tsaya ya shaida wa limamin unguwa abin da ya faru. Malamin bai tsawaita ba. Ya ce sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffa ya halatta, amma idan kaya suka saɓa wa siffar da aka bayar, mai saye yana da zaɓin ya mayar, kuma hoto a nan shi ne siffar, ko da wanda ya aika bai yi nufin ha'inci ba.

A daren ya kira Fatakwal. Ya ce ta maido da kayan, kuɗin mota a wuyansa, ta kuma haɗo masa da gwaggwaro guda ɗaya. Ya yi ƙoƙarin bayyana mata zancen manhaja, ta saurara har ya gama, sa'an nan ta ce, "To, Alhaji, Allah ya kyauta. Yanzu kuma waya ce ke ƙarya." Bai ji alamar ta gaskata ba, bai kuma ga laifinta ba, domin shi ma da wani ne ya kawo masa wannan hanzari kwana huɗu da suka wuce, da dariya zai yi. Da gwaggwaron ya iso ya sa shi a jaka ya tafi kasuwar Balogun da kansa, ya bi shago-shago yana fitowa da yadi bakin ƙofa yana karawa a hasken rana, har ya sami shuɗin da ya hau. Ya saya a farashin da bai bar masa ko sisi ba. Kayan suka isa saura kwana uku biki. Shunayya guda 30 yankakku kuwa suka hau kanta, suka zama kwantai na gaske, ana zarar ɗaya yau, ɗaya bayan mako biyu, a kan ragi.

Tun daga nan aiki ya sake a shagon. An daina ɗaukar hoto a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ana fito da tebur bakin ƙofa da hantsi, a inuwa, inda haske ke da yawa amma rana ba ta dukan yadin. Ana ajiye farar takarda a gefen kowace shadda domin waya ta sami abin gwadawa, mai saye ma ya ga idan farin ya karkata. Ɗan ƙanwarsa ya nuna wa yaron shago sashen kyamara inda mutum ke saita launin haske da hannunsa ya kulle, ya kuma kashe masa duk wani abu mai sunan ƙawata fuska ko gane abin da ake ɗauka. Ya ce a riƙa aika hoto a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoton da aka aika ta hanyar da aka saba, zaren saƙa ya ƙara ɓacewa. Ya kuma yi musu gargaɗin da ba shi da magani: ko hoto ya fita daidai daga nan, fuskar wayar mai karɓa tana da nata ra'ayin, wata tana zuzuta launi, wata tana kashe shi. Saboda haka a ƙarƙashin kowane hoto yanzu ana rubuta sunan launin da Hausa, kuma ba a yanka abin da ya wuce yadi 10 sai Alhaji ya ji sunan daga bakin mai saye.

Ya yanki ƙyalle daga shunayyar nan ya soke shi da allura a jikin bango, bayan kujerarsa. Bayan wata biyu wayar ta sake kawo saƙon sabuntawa. Bai danna ba sai da ya sa yaro ya ɗauki ƙyallen, aka sabunta, da gari ya waye aka sake ɗauka a wuri ɗaya, aka jera hotunan biyu. Jan ya ɗan dawo, bai kai na da ba. Ko a bayanin wannan sabuntawar ba a ce uffan game da launi ba.

Hajiya ta yi shiru wata biyar. Alhaji ya ga hotunan bikin a wayar wani ɗan'uwanta, mata talatin cikin shuɗi, ko da yake yanzu ba ya rantsuwa a kan abin da waya ta nuna masa. Ana saura mako uku Babbar Salla sai ga saƙonta da muryarta, ta gaishe shi da iyali, ta tambayi kasuwa, ta ce tana son shadda ta maigida da ta yara maza huɗu, mai ruwan toka ko ruwan madara.

"Amma kada ka turo hoto, Alhaji. Ka yanko ƙyalle ka ba direba."